Gahawar da Ta Huce a Hawa na Uku

Wata tara cur Rakan ya yi yana koyon React, kuma a cikin watannin nan babu Juma'ar da Baffansa Abu Muflih ya zo cin abincin rana bai leƙa ɗakinsa ya ce, "Yaya dai, Injiniya? Ana ta wasan talabijin?"

Ba wasa ba ne, ba kuma talabijin ba ce, amma wa zai tsaya yi wa Abu Muflih bayani? React wani tsari ne da masu gina shafukan intanet suke aiki da shi, kamar dai magini ya tarar an buga masa bulo an yanka masa katako, nasa kawai ya san yadda zai jera. Rakan ya taɓa gwada faɗa wa Baffan haka. Baffan ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce, "To ina ginin?"

Shi Rakan aikin gona ya karanta a jami'a. Ya fito da takardarsa, aka sa mata gilashi aka rataye ta a falo kusa da hoton marigayi babansa, ta yi shekara huɗu a nan ba ta tsinana wa kowa komai ba. Abu Muflih kuwa wan babansa ne, tsohon soja, mai gashin bakin da in ya shigo ɗaki shi ake fara gaisarwa. Yana da ra'ayi guda ɗaya game da neman aiki, kuma ba ya gajiya da maimaita shi.

"Ni tun da nake ban taɓa ganin wanda aka ɗauka aiki don ya iya ba. Ana ɗaukar mutum ne don wani ya san ubansa. Iyawa daga baya take zuwa, in ta ga dama."

Abin haushin shi ne yana da hujja. Rabin samarin dangi da ke garinsu Madaba shi ya cusa su inda suke ci. Shi kansa Rakan an taɓa cusa shi a wani ofis. Sati uku ya yi. An ba shi tebur da kujera da taga mai kallon bango, ba a ba shi aiki ba. Daga mai gadi har darakta babu wanda ya riƙe sunansa, "ɗan ƙanen Abu Muflih" kawai ake ce masa. Ranar da ya ji wani yana tambaya, "Wai shi wancan me yake yi a nan?" aka amsa da cewa, "Yana nan dai," ranar ya tattara ya dawo gida. Ya yi wa kansa alkawari cewa aikin da zai yi nan gaba, abin da ke cikin kansa ne zai samo masa shi, kuma da sunansa za a kira shi.

Shi ya sa ya kama React. Daga sallar asuba zuwa azahar yana gaban kwamfuta, yana bin darasin wani malami ɗan Indiya a intanet, har ya fara jin muryar mutumin a kunnensa ko yana wanka. Da ya ga hannunsa ya faɗa, ya aika takardar neman aiki wurare saba'in da huɗu. Saba'in ba su ko amsa ba. Uku suka ce sun gode. Ɗaya, wani ƙaramin kamfani a Amman, babban birnin ƙasar, ya ce ya zo ranar Alhamis ƙarfe sha ɗaya a gwada shi.

Ummansa kaɗai ya faɗa wa, ya kuma sa ta rantse ba za ta gaya wa Baffa ba. Ta rantse, kuma baiwar Allah ta cika alkawari. Matar Baffa kawai ta gaya wa.

Ofishin yana hawa na uku. Fili ne guda babba ba bango, samari da 'yan mata kowa ya toshe kunnensa yana danne-danne. A gefe guda an zube wasu manyan buhuna masu laushi, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, irin waɗanda mutum yake zama a kai su haɗiye shi. A ƙurya akwai wani ɗaki na gilashi zalla. Nan wata mata gajera mai tabarau ta kai shi. Injiniya Shaza ce, shugabar masu gina shafuka, kuma daga ganin fuskarta ka san murmushi ba ya cikin aikin da aka ɗauke ta ta yi.

"Awa ɗaya," ta ce. "Ka gina mini shafin sayar da kaya. Jerin kaya, kwando, da maɓallin da mutum zai danna ya saya. Abin da za ka sayar ya rage naka."

Rakan ya zaɓi raguna, don su ya sani. Ya yi bismilla ya fara. Minti ashirin na farko komai ya tafi daidai, yatsunsa suna gudu, har ya fara jin wani daɗi yana taso masa daga ciki. Sai ƙofar lif ta buɗe.

Mutum huɗu suka fito, da alkyabbu da jan ƙyallen kai da baƙar igiya. Suka tsaya a jere. Lif ta koma ƙasa ta dawo da wasu huɗu. Ta sake komawa ta kawo uku. A tsakiyar ukun nan akwai gashin bakin da Rakan zai gane ko daga bayan dutse.

Jaha ce. Tawagar dattawa, irin wadda ake haɗawa in za a nemi aure ko a kashe wutar rigimar jini. Abu Muflih ya tattaro mutum goma, har da Abu Sayil, tsohon da ya haura tamanin, wanda ake zuwa da shi ko'ina saboda farin gemunsa. Da alama babu wanda ya tsaya ya gaya wa tsohon abin da aka zo yi, don yana fitowa ya dubi 'yan matan ofis ya ce da ƙarfi, "Wacce ce amaryar?"

Rakan ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma a hawa na uku yake, ƙasar ma ta yi nisa.

"Naka ne?" in ji Shaza.

"Ban san su ba."

Daidai nan Abu Muflih ya hango shi ta gilashi, ya ɗaga masa hannu da carbi, sauran goman ma suka ɗaga.

"Baffana ne," in ji Rakan.

"Saura minti talatin da takwas," in ji ta.

Mai kamfanin, Firas, ya fito daga ofishinsa da sauri. Saurayi ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, ya yi karatu a Kanada, yana sanye da riga mai gajeren hannu da takalmin gudu, kuma a kullum rabin maganarsa Turanci ce. Amma ɗan Karak ne, garin da ba a wasa da al'ada. Yana ganin alkyabbun nan Turancin ya gudu ya bar shi, bayansa ya miƙe, hannunsa ya hau ƙirji da kansa.

"Maraba, maraba da manya! Kun haskaka mana wuri. Bismilla, ku zauna."

Kujeru shida aka samu. Sauran dattawa biyar aka nuna musu buhunan nan. Suka zauna da mutuncinsu, buhuna suka haɗiye su har gwiwoyinsu suka kai haɓa. Babu wanda ya yi dariya, amma wata yarinya mai zanen shafuka ta tashi ta shige banɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Baƙi sun zauna, dole a kawo gahawa. Babu tulun gahawa a ofishin, babu finjali, sai wani inji mai gurnani da kofunan takarda masu hoton fuska tana dariya. Firas da kansa ya tara kofi, ya kawo wa shugaban tawaga da hannun dama yana ba da haƙuri. Abu Muflih ya karɓa. Ya dubi gahawar. Ya ajiye ta a kan tebur a gabansa, a hankali, ya naɗe hannuwansa.

Har waɗanda suka toshe kunne suka cire. Babu yaron da ya tashi a ƙasar nan da bai san ma'anar kofin da aka ajiye ba. Baƙo ba zai sha ba sai mai gida ya ce, "Ku sha gahawarku, abin da kuka zo nema kun samu." In kuwa aka bar ta ta huce, aka tashi ba a sha ba, abin kunyar yakan bi gidan har jikoki.

"Ɗana," in ji Abu Muflih, "kai ba ɗan Abu Firas ba ne, jikan Hajji Salama na Karak?"

"Ni ne, Baffa."

"Shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, kakanka kwana uku ya yi a gidan ubanmu. Rago muka yanka masa. Ba gori nake yi ba."

"Allah Ya saka da alheri, Baffa."

"Mun zo ne a kan yaronmu Rakan. Maraya ne. Ba ya shan taba, ba ya yawo, ba ya ɗaga wa uwarsa murya. Abin da kuke yi a nan ban san shi ba, kuma ba na son in sani. Amma na ga zama ake yi ana kallon talabijin, to wallahi a duk Madaba babu wanda ya kai shi iya wannan."

Dattawa suka gyaɗa kai, waɗanda ke cikin buhuna ma suka gyaɗa iya abin da ya samu. Gumi ya fara tsattsafo wa Firas a goshi. Ya dubi kofin, ya dubi ɗakin gilashi, ya sake duban kofin. Rakan yana iya ganin abin da mutumin yake tunani: kafin la'asar labari ya kai Karak cewa ɗan Abu Firas ya bar gahawar dattawa sha ɗaya ta huce.

"Zai ce su sha," in ji Shaza, ba ta ko ɗago kai daga takardunta ba. "Ba shi da yadda zai yi. Barka, ka sami aiki. Za a ba ka tebur, akwai wani can kusa da taga. Amma ka sani ni ba zan taɓa ba ka abin da ya wuce canza launin maɓalli ba, don ban san abin da ka iya ba, kuma yanzu ba zan sani ba."

Tebur kusa da taga. Rakan ya ji maganar ta soke shi a daidai inda tsohon ciwon yake. Wata tara. Asuba ɗari biyu da saba'in. Duk za su tafi a cikin kofin takarda mai hoton fuska tana dariya. Tsoron Baffansa yake ji tun yana yaro, kuma har yanzu bai daina ba, amma ya tarar da kansa a tsaye, ya tura ƙofar gilashin.

Firas ya riga ya buɗe baki. "Baffa, zuwanku ya fi ƙarfin a ce a'a. Ku sha ga..."

"Kada ka ƙarasa!"

Kawuna sha ɗaya suka juyo. A jaha yaro ba ya magana. Wanda aka zo dominsa ma ko tari ba ya yi. Fuskar Abu Muflih ta yi ja har ta kusa sajewa da ƙyallen kansa.

"Kai, Rakan! Aljanu ne suka shafe ka?"

"Wannan ne angon?" in ji Abu Sayil. "Yana da baki."

Rakan ya ƙarasa gaban Baffansa, ya sunkuya ya sumbaci kansa. "Baffa, girmanka a kaina yake. Rabin awa kawai nake roƙo. An ba ni aiki in yi, ka bari in gama a duba. In an ce ya yi, ka sha. In an ce bai yi ba, ni da kaina zan bi ka gida, ka kai ni duk inda ka ga dama."

"Gahawa ta huce a gabana? Ni? A gaban mutane?"

"Rabin awa, Baffa. Don darajar wanda hotonsa ke rataye a falonmu."

Ambaton ƙanensa ya sa gashin bakin ya ɗan motsa. Firas kuwa, da ya ga ƙofa ta buɗe masa, bai yi wata-wata ba. "Gaskiya, Baffa, ni ma a nan ɗan aike ne. Maganar ɗaukar ma'aikata a hannun Injiniya take."

Abu Muflih ya shiga tsaka mai wuya. Ba zai sha ba, don ba a ce ya sha ba. Ba zai tashi ya tafi ba, don ba a hana shi ba. A duk shekarunsa na jagorantar jaha bai taɓa cin karo da irin wannan ba. Ya ja carbi sau uku ya miƙe.

"To. Mu je mu ga ginin."

Ɗakin gilashin na mutum huɗu ne. Mutum takwas suka shiga, biyar na cikin buhuna suka kasa tashi, suka ce a riƙa ba su labari. Rakan ya zauna, numfashin dattawa shida a ƙeyarsa, ƙamshin turaren itace da na taba ya cika wurin. Shaza ta dubi agogo ta ce saura minti ashirin da shida, ba ta ƙara masa ko daƙiƙa ba.

Da farko yatsunsa suka ƙi. Ya rubuta layi ɗaya sau uku yana gogewa. Sai hotunan raguna suka bayyana a fuskar kwamfutar, ɗakin ya ɗauki rai.

"A'a, raguna ne ashe!"

"Wancan na tsakiya ba shi da lafiya. Dubi idonsa."

"Na Romaniya ne wannan, ba namu ba ne. Ina jelar?"

"Rakan, cire shi, kada ka zubar mana da mutunci."

Abin mamaki, surutun nan ne ya kwantar masa da hankali. Haka gidansu yake kullum, kuma a cikin irin wannan hayaniyar ya koyi duk abin da ya koya. Muryar malamin nan ɗan Indiya ta dawo masa a kunne, hannunsa ya saki. Ya haɗa jerin, ya haɗa kwandon, ya sa maɓallin. Saura minti shida ya janye kujera ya ce ya gama.

Shaza ta miƙa hannu za ta ɗauki linzamin kwamfutar, Abu Muflih ya riga ta.

"'Yata, da izininki. Tun kafin a haifi ubanki nake sayen raguna." Ya zauna, ya kusanto da hancinsa. "Ina wurin tayawa?"

"Babu tayi, Baffa. Kuɗinsa ke nan a rubuce."

"Babu tayi? To wannan ai fashi ne, ba ciniki ba." Duk da haka ya zaɓi rago ɗaya, bayan ya kushe sauran. Rakan ya nuna masa maɓallin saye. Abu Muflih kuwa hanya ɗaya ya sani ta danna maɓalli, ita ce yadda yake danna ƙararrawar gidan mutane: ba ya ɗaga yatsa sai an buɗe. Ya danna, bai ga komai ba nan take, ya sake dannawa, ya sake, ya sake.

Shafin ya yi ɗan tunani, sannan ya rubuto da manyan baƙaƙe cewa an gode, an sayi raguna tara.

"Tara?" Abu Muflih ya yi tsalle. "Ɗaya na ce! Wa zai ci raguna tara? Biki nake yi?"

"Ai dama na ce biki ne," in ji Abu Sayil daga bakin ƙofa.

Dattawa suka fashe da dariya, aka aika wa na cikin buhuna labari su ma suka ɗauka. Rakan bai yi dariya ba. Ya tsayar da jaha, ya kunyata Baffansa a gaban dangi, ga shi Baffan da yatsa ɗaya ya rushe ginin.

"Me ya faru?" in ji Shaza. Muryarta ba ta canza ba.

Bakinsa ya so ya ce ai babu mai hankalin da zai danna sau tara. Ya haɗiye. "Laifina ne. Ban kulle maɓallin ba. Kafin amsar dannawar farko ta dawo, kowace dannawa sabon ciniki take aikawa."

"Saura minti huɗu."

Ya ja kujera. Ya san inda matsalar take, ya taɓa cin karo da 'yar'uwarta a wata na biyar, ranar da ta hana shi cin abincin rana. Layi shida ya rubuta. Yanzu da an danna sau ɗaya maɓallin zai dushe, ya rubuta cewa a dakata ana aikawa, ba zai sake sauraron kowa ba sai amsa ta zo.

"Bismilla, Baffa."

Abu Muflih ya naɗe hannun riga. Wannan karon da gayya ya zo. Ya danna sau goma sha biyu, da ƙarfin da ya sa teburin ya girgiza. Shafin ya ce an gode, an sayi rago ɗaya.

Ya sake gwadawa da yatsa biyu. Rago ɗaya.

"Ya raina ni," in ji shi.

Shaza ta karɓi linzamin, ta yi 'yan dube-dubenta a cikin abin da Rakan ya rubuta, ta yi masa tambaya uku ya amsa biyu, ta ukun ya ce bai sani ba. Ta rufe littafinta.

"Rakan," ta ce, kuma sai da ya ji sunan har cikin ƙashinsa, "Lahadi ƙarfe tara. Gwajin wata uku. Kada ka makara." Ta leƙa waje. "Firas, ka ce su sha."

Aka koma wurin zama. Firas ya gyara tsayuwa ya faɗi maganar da aka katse masa ɗazu. Abu Muflih ya ɗauki kofin. Gahawar ta yi sanyi ƙalau, ta yi wata 'yar fata a sama. Ya shanye ta tas a zuƙa ɗaya, ya yamutsa fuska, ya ajiye. Aka karanta Fatiha. Sai da samari huɗu suka taru kafin aka zaro dattawan nan biyar daga buhuna, ɗaya ma ya riga ya yi barci.

Lif tana ta jigilar su ƙasa, Rakan ya tsaya wurin Shaza. Tambayar tana cinsa.

"Injiniya, don Allah ki gaya mini gaskiya. React ɗin ne, ko gahawar?"

Ta juyo masa da fuskar kwamfutarta. Jerin sunaye ne, ta ja shi ƙasa, ta ja, bai ƙare ba. "Mutum ɗari biyu da sha huɗu. Kowannensu ya rubuta ya iya React. Ba don shi ba da ban kira ka ba. Amma in shi kaɗai ne, da kana nan a cikinsu. Mutum tara na gwada kafin kai, shafin kowa ya yi aiki. Na fasa wa biyar, duk biyar ɗin suka ce mini, ai a wurinsu lafiya ƙalau yake aiki." Ta gyara tabarau. "Af, Baffan nan naka, yana da abin yi ranar Talata? Wata biyu muna gwada wani shafi, babu wanda ya iya fasa shi kamar yadda mutanen gari za su fasa."

Rakan ya sauka ya bi tawagar, suka kama hanyar Madaba.

Washegari Juma'a aka yi mansaf. Manyan farantai uku, shinkafa da naman rago, ana kwarara miyar busasshen nono a kai, maza a tsaye kowa da hannun hagu a baya. Abu Muflih ya dawo cikin hayyacinsa. Sau uku ya ba da labarin, kowane zagaye yana ƙara kiɓa. A na farko Firas gumi ya yi, a na uku har kuka ya yi ya sumbaci hannunsa. Babu maganar rabin awa, babu maganar raguna tara. Duk wanda ya zo yi wa Rakan barka sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka gode wa Allah da Ya ba ka Baffa." Rakan yana murmushi yana amsawa, amma ransa a ɓace yake. Ya sami aikin, an kira shi da sunansa a Amman, ga shi a gidansu har yanzu ɗan ƙanen Abu Muflih ne.

Bayan an wanke hannu aka aike shi ya kawo shayi. Yana zuwa bakin ƙofar falo da tire ya ji wani ɗan'uwansu, Abu Hamad, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Abu Muflih, yarona ma yana zaune shekara biyu. Ka haɗa mana irin wannan tawagar mana. Ko kamfanin nan, ko wani irinsa."

Rakan ya tsaya. Ya ji ƙarar carbi.

"Ya iya abin?"

"Wane abu?"

"Abin da Rakan ya iya."

"A'a, amma ai da kai a gaba..."

"Saurara, Abu Hamad." Muryar ta yi ƙasa, irin wadda Rakan bai taɓa jin Baffansa ya yi magana da ita ba. "Minti arba'in gahawata tana zaune a gabana jiya. Na kai jaha gidan ministoci biyu, na raba rigimar jini uku, ba a taɓa barin kofina ya huce ba. Da yaron nan bai san abin da yake yi ba, da yau ban iya fita masallaci ba. Na tsaya a bayansa ina kallon hannunsa, ban gane ko harafi ɗaya ba, amma na ga hannun ubansa a kan garma. Ba ni na samo masa ba. Ni na je ne in ba shi, shi ya fitar da ni kunya. In ka maimaita wannan maganar a waje zan ce ƙarya kake yi."

Rakan ya so ya juya, amma ƙarar kofunan shayin a kan tiren ta riga ta tona shi.

"Kai! Me kake yi a tsaye kamar an dasa ka? Shayin ma so kake ya huce?" Abu Muflih ya harare shi, ya karɓi kofi, ya kurɓa. Bai dube shi ba ya ce, "Yaya ma sunan abin nan naka?"

"React, Baffa."

"Rubuta wa Abu Hamad a takarda. Ya kai wa ɗansa, ya je ya zauna wata tara tukuna."

Rakan ya ajiye tiren, ya tafi neman biro. Sai da ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa sannan ya goge idonsa da bayan hannu.